Fenti ya yamutse, gilashi ya yi hazo: yadda ake gyara ƙaramar motar haɗi a yanayin Gombe da Bauchi

Wani matashi daga Pantami a Gombe ya aiko da tambaya. Yayansa ya kawo masa kwalin motar haɗi ta roba, Toyota Land Cruiser 80 ta kamfanin Tamiya, mai ma'aunin 1/24. Ya manna sassan da sufa gulu, ya sayi fentin gwangwani irin na masu fentin mota ya fesa wa bodin da tsakar rana. Sai fentin ya yamutse kamar fatar tsoho, ƙura ta kwanta a kai, gilashin gaba kuma ya yi fari fat. Yana son ya san ko motar za ta gyaru, da kuma yadda ya kamata a bi aikin tun daga farko.

Ɗan'uwa, motarka za ta gyaru, kada ka jefar. Matsalolin nan uku tushensu ɗaya ne: ka ɗauki kayan aikin da aka yi domin ƙarfe ka ɗora wa roba, kuma ka yi a lokacin da yanayin garinmu ya fi tsananta wa fenti. Robar da ake zuba waɗannan motoci da ita sunanta polistarin. Tina mai ƙarfi, wato ruwan sirka fenti wanda yake cikin fentin gwangwanin da ka fesa, tana narkar da ita, fetur yana cinye ta, zafin rana yana tanƙwara ta. Wanda ya taso yana ƙera motar langa-langa ko motar kara ya riga ya sami hannu da ido, abin da ya rage masa shi ne sanin halin wannan robar.

Ka fara riƙe ma'anar 1/24 a ranka, domin ita ce za ta yi maka jagora a kowane mataki. Kowane abu a jikin motarka ya ƙanƙance sau 24. Land Cruiser 80 ta gaske tsawonta kusan mita 4.8 ne, taka kuwa santimita 20. Saboda haka fenti mai kaurin milimita 1 a jikin ƙaramar daidai yake da kaurin santimita 2.4 a jikin babbar. Ɗigon gam da kake gani ba komai ba ne, a idon ma'auni dunƙule ne. Shi ya sa komai a wannan sana'a da kaɗan-kaɗan ake yin sa.

Yanzu gyaran. Ka raba bodin da sauran sassa, ka ciro gilasai ka ajiye gefe. Sa'ar da ka yi ita ce sufa gulu ba ya narka roba, kamawa kawai yake yi, don haka idan ka zura bakin reza a hankali tsakanin sassan zai ɓalle. Ka sami roba mai murfi, ka zuba man birki irin DOT 3 ko DOT 4 har ya nutsar da bodin, ka rufe. Bayan awa 4 zuwa 6 ka duba, ka goga da tsohon buroshin haƙori. Idan fentin bai saki ba ka ƙara masa lokaci, amma kada ya wuce kwana ɗaya a ciki, domin man birki yana busar da roba har ginshiƙan tagogi su riƙa karyewa da ɗan taɓi. Ka sa safar hannu ta roba, ka kiyaye idonka. Gilasai ba sa shiga wannan wanka ko kaɗan. Kuma duk wanda ya ce ka wanke fentin da tina ko fetur, kada ka saurare shi: bodin zai koma kamar cingam a hannunka. Idan ya fita, ka wanke da ruwa da sabulun wanke-wanke sau biyu ko uku, domin ɗan ragowar man birki a lungun ƙofa ya isa ya hana sabon fenti kamawa.

Da fentin ya tafi za ka ga fuskar robar ta yi kaushi da ƙananan tsage-tsage. Wannan shi ne cizon tina. Ka samo sanfefar ruwa wajen masu sayar da kayan fentin mota, lamba 400, 600, 800, 1000, 1500 da 2000; ƙaramar lamba ta fi kaushi, babba ta fi laushi. Ka yanka ta ƙanana kamar faɗin yatsu biyu, ka jiƙa, ka fara da 400 a wurin da ya lalace kaɗai, sannan 600, sannan 800 a duk bodin. A shimfiɗaɗɗen wuri kamar rufi da bonet, ka naɗe sanfefar a jikin magogin fensir domin kada yatsanka ya haƙa rami. Ka yi nesa da rubutun suna da hannun ƙofa da sauran ƙananan zane, idan suka goge ba sa dawowa. Layukan ƙofofi kuwa ka bi su da bayan tsinin reza, ja 5 ko 6 ba tare da danna hannu ba, domin su ƙara zurfi kada sabon fenti ya cike su. Idan ka danna, rezar za ta zame ta tsaga ƙofar.

Hazon gilashi kuma tururin sufa gulu ne. Yayin da yake bushewa yana fitar da tururi, tururin yana kama danshi da maiƙon yatsa, sai ya daskare ya zama farin gari. Sau da yawa za ka ga zanen yatsanka ne ma ya fito raɗau a jikin gilashin. Tunda a sama ya kwanta, yana goguwa. Ka bi shi da sanfefa 1500 a jiƙe, sannan 2000, ka tallafe gilashin da yatsa daga baya domin robar gilashi ta fi sauran saurin tsagewa. Zai ƙara yin duhu, kada hankalinka ya tashi. Sai ka sa man goge fentin mota mai laushi a tsumman tsohuwar singileti ka yi ta murzawa. Farin man goge baki ma yana yi, sai dai ya fi cin lokaci. Nan gaba, gilashi da fitilu da farin gam na kafintoci ake manna su, irin Top Bond, a ɗiga da tsinken sakace. Yana bushewa garau, ba ya tururi, idan ya ɓata wuri auduga mai danshi ta share shi.

Sauran sassan, gam ɗinsu na musamman ne, irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta. Aikinsa narkar da fuskokin biyu ne su zama abu ɗaya, kamar walda. Mai ruwa-ruwan, haɗa sassan ake yi tukun a riƙe, sannan a taɓa bakin mahaɗar da ɗan buroshi, sai ya bi layin da kansa. Kada yatsanka ya kasance a kan layin, zai bi ƙarƙashinsa ya bar maka tambari a jikin roba. Matsalar ita ce wannan gam da fentin gwangwani kaya ne masu kama wuta, jiragen sama ba sa ɗaukar su a saƙo na yau da kullum, don haka kwalin mota yana iso mana amma gam da fentinsa da wuya. Idan ba ka samu ba, tinar selulos ta masu fenti tana iya maye gurbi, muddin da tsinin ƙaramin buroshi za ka ɗiba. Ka gwada a jikin reshen robar da sassan suka zo maƙale da shi: ka yanka biyu, ka haɗa, ka taɓa, ka bar su awa ɗaya ka ja. Gam ɗin masu aikin famfo ya yi kauri, yana barin tabo, ka bar shi. Abu ɗaya da mutane ke yawan mantawa: wannan gam ba ya kama fenti, ba ya kama ƙyallin azurfa da ake shafa wa bamba da rim. Sai ka kankare wurin mahaɗa har ainihin robar ta fito.

Wajen cire sassa daga reshe, kada ka murɗe da hannu. Ka yanka da ƙaramar fulaya mai yanka ko abin yankan farce, ka bar ɗan guntu, ka share guntun da reza, ka bi da sanfefa 600. Ka cire abin da takardar umarni ta kira a wannan mataki kaɗai, domin lambobin a jikin reshe suke, kuma hannun dama da na hagu suna kama da juna. Kowane sashe ka gwada zamansa a bushe kafin gam ya taɓa shi. Akwai kuma siririn layi da ke bin bodi daga inda ƙwaryar zubi ta haɗu, yawanci ta gefen rufi ya gangaro kan fitilu da bamba. Babu shi a motar gaske, kuma fenti ƙara fito da shi yake. Ka lalube shi da farce, ka goge.

Idan akwai rami ko giɓi, sufa gulun naka a nan yake da amfani. Ka kwaɓa ɗigo da ɗan hodar jarirai, ka cusa, ka goge cikin awa ɗaya, domin in ya kwana ya fi robar tauri, sanfefa sai ta cinye gefensa ta bar shi a tsaye.

Mu zo kan fenti, inda aikin ya fi lalacewa kuma inda motar ke samun kwarjininta.

Fenti iri uku za ka haɗu da su. Akwai na selulos, mai ƙarfin tina, irin da ake samu a gwangwani da wajen masu fentin mota. Yana bushewa da sauri, yana yin tauri, yana ɗaukar gogewa. Akwai fentin mai, wanda ake sirkawa da kananzir ko tafentain. Yana kwanciya sumul amma yana iya kai mako 2 ko fiye kafin ya yi taurin gaske. Akwai na akirilik mai sirkin ruwa, wanda ya fi dacewa da kujeru da dashbod da inji. Ƙa'idar jera su ita ce mai ƙarfi a ƙasa, mai sanyi a sama. Selulos yana ɗaukar fentin mai da akirilik a kansa. Amma in ka fesa selulos a kan fentin mai, zai tashe shi ya yamutse, ka koma gidan jiya.

Fentin gwangwanin da ka saya ba sai ka zubar ba. Abin da ya rasa shi ne firama, wato fentin share fage, a ƙarƙashinsa, da kuma sauƙin hannu. Firama ita ce katanga tsakanin tina da roba, kuma launin tokarta yana tona duk wani karce da ido bai gani ba. Ita ma ta masu mota tana da tina, don haka shafe biyu na farko su zama kamar raɓa, har kana hango robar ta ƙarƙashi, minti 15 tsakani. Waɗannan siraran shafe suna bushewa kafin tinar ta sami damar cizo. Sai na uku ya rufe. Ka bar ta kwana ɗaya, ka duba a hasken taga, ka gyara abin da ya fito, ka shafa 1000 ko 1500 a jiƙe. Idan launin motar fari ne, ko ja, ko rawaya, ka nemi farar firama, domin toka tana kashe waɗannan launuka.

Kafin kowane gwangwani ya taɓa motar, ka gwada shi a bayan cokalin roba irin na abincin sayarwa, wanda yake karyewa ƙas idan an lanƙwasa. Irin wannan yawanci polistarin ne. In ka ga PS ko lamba 6 a jikinsa, shi ne. Ka yi masa duk abin da za ka yi wa motar, firama da launi da kiliya (fenti marar launi da ake rufewa da shi domin sheƙi), a jere. Abin da zai faru da bodi zai fara faruwa da cokali.

Ka lanƙwasa wayar rataye kaya ta tokare bodin daga ciki, ka ɗaure da tef, domin ka riƙa juya shi ba tare da taɓawa ba. Ka girgiza gwangwani minti 2 cikakku. Tazara santimita 20 zuwa 25. Ka fara danna kan gwangwani kafin ka iso motar, ka wuce ta kafin ka saki, domin tofin fenti a farkon dannawa da ƙarshenta yake fita. Shafe biyu ko uku marasa nauyi, sannan shafe ɗaya ko biyu masu jiƙa, inda za ka rage saurin hannu har fuskar ta yi sheƙi kamar an zuba ruwa. Daga nan ka tsaya. Daƙiƙa ɗaya bayan wannan sheƙin, fenti zai fara zuba ta ƙasan ƙofa. In ya zuba kada ka taɓa, ka bar shi kwana 3 ka goge da 1000.

Takardar da ke cikin kwali ba ta san yanayinmu ba, don haka wannan ɓangaren sai mu da kanmu. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kai maki 40 a Gombe da Bauchi, tina tana tashi tun fenti yana cikin iska, sai ya sauka a bushe, fuskar ta yi gurje-gurje kamar ɓawon lemo ko ma kamar yashi. Maganinsa ka yi feshi da sassafe, daga idar da sallar asuba zuwa ƙarfe 8, ka ɗan matso da gwangwani zuwa santimita 15 ka ƙara saurin hannu. A hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, bushewar iska tana sa roba ta ja ƙura kamar maganaɗisu, musamman in ka goge ta da busasshen tsumma. Ka wanke bodi ka bar shi ya bushe da kansa a rufe. Ka share ɗaki tun dare, da safe ka yayyafa ruwa a ƙasa, ka kashe fanka, ka cire rigar sanyi mai gashi. Da ka gama feshi ka kife babban bokitin roba mai tsabta a kan motar, ka ɗaga bakinsa da ɗan dutse domin tina ta fita. A tsakiyar damina kuwa, wajen Agusta, danshi ne abokin gaba: tina tana sanyaya fuskar fenti, raɓa ta sauka, sheƙi ya koma fari-fari. Kada ka fesa ranar da aka yi ruwa. A ganina babu lokacin da ya kai ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba. Mai manyan ayyukan fenti ya tara su zuwa lokacin.

Kada ka shanya mota a rana domin ta yi saurin bushewa, kada kuma ka bar kwali a cikin mota a rufe ko ƙarƙashin kwano. Rufi zai lotsa, casis zai murɗe, taya ɗaya ta daina taɓa ƙasa. In ya riga ya faru, ka tsoma wurin a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na daƙiƙa 10, ka miƙar a hankali, ka riƙe a ruwan sanyi.

Maganar lafiya ba ta wasa ba ce. Tururin tina yana cutar da huhu da kai, kuma yana kama wuta. Ka yi feshi inda iska ke wucewa, nesa da risho da gas da murhu, nesa da yara. Takunkumin tsumma ƙura kawai yake tarewa, mai mazubin gawayi shi ne na fenti. Kiliyar da masu fentin mota ke haɗawa da hadna (ruwan da ke sa ta tauri), wadda suke kira 2K, tana da sheƙi mai ɗaukar ido, amma gubarta ta fi ƙarfin a fesa ta a cikin gida, kuma kaurinta yana sa ƙaramar mota ta yi kama da alewa. Ban ba ka shawarar ta ba.

In gashi ko ƙura ya faɗa kan ɗanyen fenti, ka ƙyale shi. Washegari 2000 a jiƙe za ta ɗauke shi, ka ƙara siririn shafe.

Sitikun ruwa, wato tambura da rubuce-rubucen da ke zuwa a takarda cikin kwali, a kan fenti mai sheƙi suke zama lafiya. A kan mai kaushi iska tana maƙalewa a ƙarƙashi su yi ƙyalli kamar azurfa. Ka yanka ɗaya-ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗumi daƙiƙa 10, ka ajiye a tsumma har ta fara zamewa, ka jiƙa wurin, ka zame ta daga takarda zuwa bodi da hantsaki, ka matse ruwan da audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Bayan kwana ɗaya sai kiliya, ita ma shafe biyu na farko kamar raɓa, in ba haka ba tinarta za ta ƙone sitikun. Sannan ka jira mako guda. Gwajinsa da hanci ne: in ka kai bodin hanci kana jin warin tina, bai nuna ba. Idan ya nuna, ka shafa 2000 a jiƙe har sheƙin ya mutu bai ɗaya, sannan man gogewa ya dawo da shi. Kaifin gefuna da kusurwoyi fenti ya fi siranta a nan, ka rufe su da tef ko ka kauce musu, domin shafa biyu ta isa ta fito da firama.

Baƙin robar da ke zagaye tagogi shi ke raba aikin gwani da na ɗan koyo. Ka yi amfani da tef ɗin takarda, ka fara manna shi a bayan hannunka sau ɗaya domin ƙarfin gam ɗinsa ya ragu, ka danne bakinsa da tsinken sakace, ka yanka da sabuwar reza, ka shafa baƙin akirilik siriri, ka cire tef kafin ya gama bushewa. Salatif ba ya wannan aiki, yana ɗaga fenti kuma yana barin danƙo, balle da zafi. Layukan ƙofa ka sirka toka mai duhu sosai har ta zama kamar ruwan shayi, ka taɓa da tsinin buroshi ta bi ramin. A farar mota baƙi ƙirin yana yin yawa. Cikin mota kuma kada ka yi masa baƙi iri ɗaya: kujeru marasa sheƙi, dashbod mai ɗan sheƙi, sitiyari tsaka-tsaki, sai ido ya gane fata da roba da kafet.

Tayoyi ka goge tafinsu da sanfefa 400 domin layin zubi ya tafi su yi kama da waɗanda suka taka ƙasa. Robar wasu tayoyin tana da wani mai da ke narkar da polistarin a hankali, zafi kuma yana hanzarta shi, don haka ka yi wa rim fenti har inda taya ke zama, kuma kada ka bar tayoyi kwance kan gilashi a cikin kwali. Lokacin manna ƙafafu, ka ɗora motar a kan gilashin tebur ko tayil, ka tabbata huɗun sun taɓa, ka tokare su da kwalin ashana har su kama.

Tunda Land Cruiser ce, tana karɓar kamannin hanyoyinmu. Ka kankare allin zane mai launin jar ƙasa ya zama gari, ka shafa da busasshen buroshi a bayan tayoyi da ƙasan ƙofofi da gilashin baya, ka bar inda waifa ke sharewa garau, sai ta fito kamar wadda ta dawo daga Yankari ko ta bi hanyar Dukku da rani. Lambar mota ka sa a buga maka a shagon kwamfuta, ka auna ta gaske ka raba da 24, ka manna da farin gam. Eriya kuwa silin waya ɗaya daga cikin tsohuwar wayar caja ya isa; eriyar roba da ke zuwa a kwali kusan kullum ta fi ma'auni kauri. Madubai da eriya da waifa su ne na ƙarshe, bayan bodi ya hau casis, domin wajen buɗa gefen bodi a zura casis ne ake karya su. Ka riƙe motar da tsumma mai laushi a wannan mataki, ka fara zura baya, sannan ka buɗa gefuna kaɗan gaba ya faɗa mazauninsa.